Wa ke ƙirga dukiyar mamaci? Tarihin rabon gado a ɓangarorin iyaka biyu

 Wannan ita ce hirar da na gabatar a shirin tarihi na daren Laraba. Na ɗan gyara ta don ta karantu, na kuma ƙara abin da lokaci bai bar ni na faɗa ba a ranar.

Abin da ya jawo maganar, wata baiwar Allah ce ta bugo mana waya daga wani ƙauye na bakin iyaka. Maigidanta dillalin shanu ne, duk Alhamis yana cin kasuwar Maigatari, Allah ya yi masa rasuwa a haɗarin mota bayan sallar layya. Ta ce mini: "Ɗana, malam bai bar wasiyya ba. Ƙannensa sun ce tunda babu takarda, babu abin rabo sai kayan da ke cikin ɗaki. Haka ne?" Na ce mata: "Inna, ba haka ba ne." Daga nan na je na zauna gaban malamai, na tono littattafai, ga abin da na samo.

Mu fara da wasiyyar kanta, don nan ne ake ruɗa mutane. A shari'ar Musulunci rabon gado ba ya jiran wasiyya. Kason kowa a yanke yake tun asali, a Suratun Nisa'i, aya ta 11 da ta 12 da ta 176. In mutum ya rasu, ana fara cire kuɗin likkafani da binnewa, sai a biya bashin da ake bin sa, sai a zartar da wasiyya in akwai, ita ma ba ta wuce sulusin dukiya, kuma ba a yin ta ga wanda dama magaji ne. Abin da ya rage shi ne gado. Ka ga ke nan wanda ya rasu bai ce uffan ba, magadansa ba su rasa komai ba. Yawancin iyayenmu da kakanninmu haka suka tafi.

Ga misali mai sauƙi. Mutum ya bar shanu 40, da mata ɗaya, da ƴaƴa maza uku da ɗiya mace ɗaya, iyayensa sun riga shi. Matar tana da tumuni, wato kashi ɗaya cikin takwas, shanu 5, shi ne ake kira tumunin takaba. In matan biyu ne ko huɗu, wannan biyar ɗin za su raba. Saura 35: kowane namiji 10, macen 5. Da yake saniya ba ta zama daidai da saniya, kuɗi ake yi musu a raba bisa ƙima. Almajirin da ya sauke Risala zai yi maka wannan lissafi kafin shayi ya tafasa.

To ina rigimar take? Tana wajen arba'in ɗin nan. Wa ya ce arba'in ne? Nawa ne nasa a ciki, nawa ne na mutane? Nawa ne nasa da ke hannun wasu, a wata ruga, a wata ƙasa? Kuma wa ke da ikon zama ya raba? In ka bi tarihin ƙasar nan shekara ɗari biyar baya, a kan waɗannan tambayoyi ake ta ja-in-ja. Lissafin kason kuwa yana nan inda yake.

A shekarar 1352 matafiyin nan Ibn Baɗɗuɗa ya sauka Walata, cikin Muritaniya ta yau, kafin daga baya ya biyo ta Takadda da ke yankin Agadas. A Walata ya tarar da Musulmi masu salla da karatu, amma in mutum ya mutu ƴaƴan ƴar'uwarsa ke gadonsa, nasa na cikinsa ba su samun komai. Abin ya ɗaure masa kai. Bayan shekara kamar 140, Askiya Muhammadu na Songai, wanda ya hau mulki a 1493, ya aika wa Shehu Magili tambayoyi, wannan Magilin dai da ya zauna Kano zamanin Muhammadu Rumfa. A cikinsu akwai batun mutanen da ke gado ta ɓangaren uwa, Magili kuwa ya yi hukunci mai zafi a kai. Wato tun a wancan lokaci littafi yana nan, al'ada ma tana nan, kowanne na jan nasa.

A ƙasar Hausa matsalar ta fi shafar mutum biyu: baƙo da ƙarami. Baƙon shi ne falke. Ku tuna ayarin Gwanja, a ɗauki kanwa da tufafi a kai Salaga a sayo goro, tafiyar watanni. Falke ya kwanta ciwo a zango ya cika, jakunansa da kayansa suna hannun madugu ko fatoman da ya sauke shi. In an yi dace da mai amana, kayan su isa gida. In ba a yi ba, ko fatoma ya haɗiye, ko fadawan sarkin garin su zo su kwashe. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a cikin Kitabul Farƙi, ya jera abubuwan da yake tuhumar sarakunan zamaninsa da su. Akwai jangali a ciki, makiyaya kun san shi. Akwai kuma ƙwace dukiyar wanda ya mutu a ƙasarsu da sunan gado. A wasu rubuce-rubucensa ya soki ɗabi'ar nan ta babban gida ya tattare dukiya duka ya hana ƙanana da mata. Wannan ɗabi'ar ce fa, ba wata ba, inna ta bugo waya tana kuka da ita, bayan shekara fiye da 200.

Da aka yi jihadin 1804, aka naɗa alƙalai a masarautun da ke ƙarƙashin Sakkwato, rabon gado ya zama aikinsu. Littattafan da suke dubawa su ne na mazhabar Malikiyya da har gobe ake karantawa a zaure: Risalar Ibn Abi Zaid, mutumin Ƙairawan da ya rasu a 996, da Muhtasar na Halil. Alƙali zai aiko muhutinsa ko wani malami, a fito da kaya a ƙirga gaban shaidu, a yi musu kuɗi, a raba. Wanda ya mutu ba magaji, dukiyarsa ta tafi baitulmali. Amma aikin ba kyauta ba ne. A masarautu da dama ana cire ushira, kashi ɗaya cikin goma na abin da aka raba. Daga nan talaka ya koyi darasi: in ka kai gado gaban hukuma, goma ta koma tara. Sai a rufe ƙofa a raba a gida, ko a ƙi rabawa sam.

Mu nan gefen arewa labarinmu ya ɗan bambanta. Sarakunan Katsina da aka kora a 1807 su suka zo suka kafa Maraɗi, Gobirawa suka zauna Tsibiri bayan yaƙin Gawakuke na 1836, Damagaram kuwa tana bin Barno. Waɗannan ƙasashe ba su shiga ƙarƙashin tutar Sakkwato ba. Akwai malamai da alƙalai, musamman a birnin Damagaram, amma a karkara al'ada ce ke da ƙarfi, kuma ba ga Arna kaɗai ba. Tufafi, kuɗi, bisashe, ana iya raba su. Gona kuwa gandu ce, ba a taɓa ta. Maigida ya rasu, ƙanensa ko babban ɗansa ya ci gaba da riƙo. Mace ana ba ta gamana ta noma a gidan miji, ranar da aure ya ƙare gamana ta koma. A lokacin daji na nan, wanda ya ga an matse shi sai ya ɗauki gatari ya yi sabon sheƙa, shi ya sa ba a cika kai ƙarar gona ba.

Kada kuma mu ɗauka can kudu komai bisa littafi yake tafiya. A 1923 Sarkin Kano Usman ya hana mata gadon gida da gona, bisa hujjar wai in mace ta samu gidan kanta ba za ta zauna aure ba. Haka aka yi ta tafiya shekara 31, sai a 1954 Sarki Sanusi ya soke hanin. A Kano fa, garin malamai. Aya ba ta canza ba a tsakanin, abin da ake yarda a sa cikin lissafi ne ya canza. Duk wanda ya ce maka "mace ba ta gadon gona, haka muka tarar", ka tambaye shi wane ƙarni ya tarar.

Sai Nasara suka zo suka ja layi. Ingila da Faransa sun yi ta yarjejeniya a kan wannan iyaka, 1890, 1898, 1904, 1906, kafin Tilho na Faransa da O'Shee na Ingila su bi ta da ƙafa daga 1906 zuwa 1908 suna kafa alamomi, tun daga kogin Kwara har tafkin Cadi. Layin ya ratsa dangi, ya ratsa burtali, ya bar rijiya nan makiyaya can. Daga ranar, mutum ɗaya mai mata a Jibiya da mata a Maraɗi ya zama yana da hukuma biyu a kan gadonsa.

Ingilishi sun bar alƙalai a kujerunsu. Dokokin kotunan gargajiya na 1900 da 1906 sun tabbatar da su, aka sa musu albashi, aka ce su riƙa rubuta shari'a a littafi, Di'o ya zo ya duba. Ushira ba ta mutu ba, sai dai ta koma shiga baitulmalin En'e da aka tsara wajajen 1911. Abu ɗaya babba da ya fita daga lissafi shi ne bayi. A da bawa dukiya ne, ana raba shi kamar yadda ake raba raƙumi. Dokar 1901 ta ce duk yaron da aka haifa daga Afrilun shekarar ɗa ne, Faransawa ma suka yi tasu a 1905, sannu a hankali wannan babi ya rufe, Alhamdu lillahi.

Faransawa kuwa wata hanya suka bi. Dokarsu ta 1903 ta kafa kotunan ƴan ƙasa a duk Afirka ta Yamma da ke hannunsu, aka yi ta gyara ta a 1912 da 1924 da 1931. Inda aka tsaya shi ne, kumandan ko mataimakinsa ke shugabantar zama, a gefensa dattawa biyu masu ba shi shawara a kan al'adar masu ƙara. A idon Faransa shari'ar Musulunci ɗaya ce daga cikin al'adu. Malami na iya zama a kotu, amma mashawarci ne, hukunci na Bature ne da tafintansa. Mutanen karkara da makiyaya ba su ga abin zuwa ba. Suka ci gaba da kai maganarsu gun mai gari, da hakimi, da arɗo, da limamin unguwa.

Wannan bambanci har yau yana nan, kuma shi ne ya kamata ɗan kasuwar iyaka ya riƙe. A Nijar, dokar tsarin kotuna ta 16 ga Maris 1962 ta ce a sha'anin aure, saki, gado, kyauta da wasiyya, al'adar mutane ake bi, mai shari'a yana zama da mashawarta na al'ada. Dokar 2004 da ta 2018 da suka biyo baya ba su rushe wannan ba. A aikace, ga Bahaushe ko Bafillace Musulmi, al'adar da ake nufi ita ce wadda ta gauraya da Musulunci, kason Alƙur'ani ake bi. Sarakunan gargajiya suna da ikon sasantawa su rubuta takarda, in ba a daidaita ba a wuce kotu. Mutane da yawa kuma suna zuwa gun malaman Ƙungiyar Musulunci ta Nijar da aka kafa a 1974. An sha yunƙurin yin dokar iyali guda ɗaya, a farkon shekarun 1990 da kuma 2011, malamai suka ƙi, aka janye. A Najeriya kuwa kotunan En'e sun zama kotunan yanki a ƙarshen shekarun 1960, jihohi da dama suka mai da su kotunan shari'a daga 2000, kuma tsarin mulkin 1999 ya ba Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a hurumi a kan gado da wasiyya da kyauta na Musulmi. Can shari'a ce da sunanta, nan shari'a ce cikin rigar al'ada. Wanda ba Musulmi ba, a ko'ina cikin biyun, da tasa al'adar ko dokar boko ake yi masa.

Yanzu bari in juyo gare ku makiyaya, don ku ne kuka fi bugo waya bayan shirin.

Fulani sun daɗe da gano wata dabara: su raba tun da rai. Ranar suna a nuna wa jariri karsana, ita da duk abin da ta haifa nasa ne. A ba amarya shanun sadaki. A ware wa kowace mata waɗanda za ta riƙa tatsa, waɗanda galibi ƴaƴan ɗakinta za su tashi da su. Ɗa ya yi aure, a cire masa nasa ya kafa garke. Wani Bature, Derrick Stenning, da ya zauna da Woɗaaɓe a Barno ya fitar da littafi a 1959, da Marguerite Dupire da ta yi nata a Nijar a 1962, duk sun lura da abu ɗaya: dattijon da ya aurar da ƴaƴansa, sau da yawa yana mutuwa ba shi da saniyar da za a ce tasa ce ta kansa sai ƴan kaɗan. Abzinawa su ma suna da nasu, abin da suke kira akh iddaran, wato nono mai rai: bisashen da ake keɓe wa mata, a sha nononsu, ba a sayarwa, ba a sa su cikin rabo, suna bin ɗiya da jika mace. Dabara ce ta kare mata daga ranar da maza za su zo da lissafi.

Shari'a ba ta hana kyauta ba, amma ta gindaya sharaɗi, kuma a nan ne gidaje da yawa ke faɗawa rami. A Malikiyya kyauta ba ta cika sai wanda aka ba ya karɓa ya riƙe kafin mai bayarwa ya mutu ko ya kwanta ciwon ajali. In ɗan ƙarami ne, uba na iya riƙe masa, muddin an san abin da idonsa kuma an kafa shaidu. Saniya kuwa ana saninta da idonta, da sunanta, da tsagar kunnenta. Amma in ɗa ya girma ya mallaki hankalinsa, riƙon uba ba ya isar masa. Wato dattijon da ya ce wa ɗansa mai gemu "waccan taka ce", ya ci gaba da juya ta yadda ya so har ya rasu, ya bar baya da ƙura: sauran magada na iya cewa a mai da ita cikin gado, kuma malami na iya ba su gaskiya. Kyautar da aka yi a kan gadon ciwon ajali kuwa hukuncin wasiyya take ɗauka.

Sai habbanaye. An ba ka karsana aro, ta haihu sau biyu ko uku bisa al'adar wurin, ka riƙe ƴaƴan ka mai da uwar. In mai riƙon ya rasu, uwar ba ta cikin gadonsa. In mai saniyar ne ya rasu, tana cikin nasa, ko da tana wata ruga kwana biyar daga nan. Sai kuma shanun kiwo. Farin 1973 zuwa 1974 da na 1984, wanda mutanenmu suka sa wa suna El-Buhari saboda rufe iyakar da aka yi a shekarar, sun karya makiyaya da yawa. Suka sayar da bisashe a wulaƙance, alhazan birni da ma'aikata suka saye, suka juyo suka ba su kiwo. Tun daga lokacin, garken da ka gani a daji ba lalle na mai sandar ba ne.

To mu koma ga arba'in ɗinmu. A ce 6 sadakin matar ne da abin da suka haifa, 8 na yara ne tun ranar suna, 2 habbanaye, 9 na wani alhaji ne a Ƙonni. Saura 15. A can kuma yana da 4 da ya ba ɗan'uwansa habbanaye a ƙetaren iyaka, ba wanda ya sani sai su biyu. Gadonsa 19 ne, ba 40 ba. In aka raba arba'in an ci haƙƙin mutane, in aka raba sha biyar an ci na marayu. Ga kuma abin da jangali ya bar mana: shekaru aru-aru makiyayi yana ɓoye yawan shanunsa ga mai ƙirga, har abin ya zama jiki, ko matarsa ba ya gaya wa. Ban ga laifin kakanninmu ba, da dalilinsu. Amma mai karɓar jangali ya tafi, ɓoyon ya zauna, yanzu ƴaƴa ake ɓoye wa.

Ɗan kasuwa nasa ya fi wannan wuya, don saniya ko ba komai ana ganinta. Dukiyar dillali tana bakin mutane ne. Ya ba mahauci a Legas shanu bashi, ya karɓi na wani Buzu bai gama biya ba, yana da kuɗi ajiye gun ɗan canji, yana da buhunan wake a shagon abokinsa a Dawanau. Duk da baki aka yi, da waya. A Malikiyya wanda ya zo yana bin mamaci bashi sai ya kawo shaidu, sannan ya yi rantsuwa cewa ba a biya shi ba kuma bai yafe ba. Wannan ya kare marayu daga masu ƙarya. Amma wanda mamaci ke bi fa? In bai ji tsoron Allah ya kawo da kansa ba, magada ba su ma san ƙofar da za su ƙwanƙwasa ba. Ni kaina na ga haka a gidanmu. Kawuna ya rasu ina sakandare, ranar sadakar uku mutum bakwai suka zo da maganar bashin da suke bin sa. Waɗanda yake bi, mutum ɗaya tak ya zo, wani tsoho daga ƙetare, ya kwance bakin rawaninsa ya ajiye kuɗi ya yi addu'a ya tafi. Har yau ba mu san sunansa ba.

Jinkiri ma yana cin gado, musamman a bakin iyaka inda kuɗi iri biyu ne. A Afrilun 1984 Najeriya ta canza launin naira tana rufe da iyaka, waɗanda ke da ita a wannan gefe da yawa suka wayi gari da takardun banza. A Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi. An rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, an sake rufewa a 2023. Gadon da aka ce "a bari sai yara sun girma", kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya gutsuri rabonsa. Dukiyar maraya ana ware ta ne a san adadinta gaban shaidu, a damƙa wa waliyyi, ba a bar ta cikin jarin babban wa ba lissafi ba.

Akwai wata tambaya da mutum uku suka yi mini: wanda ya tafi Libiya ko Aljeriya ko Kurmi, shekaru ba labari, a raba kayansa? Malikiyya ta raba hukuncin gida biyu. Matarsa in ta kai ƙara, alƙali zai bincika, ya yanka mata shekara huɗu, sannan ta yi takaba ta samu damar aure. Dukiyarsa kuwa ba a raba ta sai an tabbatar da mutuwarsa, ko ya kai shekarun da ake ganin tsaransa sun ƙare, wanda ya fi shahara shi ne 70 daga haihuwarsa. Wata kuma mai zafi: jikan da ubansa ya riga kakan mutuwa ba ya gado in akwai baffa da rai. Masar ta yi doka a 1946 da ta wajabta a cire wa irin wannan jika wani abu. A nan ba mu da ita. Ga inda wasiyya ke da amfaninta na gaske, don jikan nan ba magaji ba ne, ana iya yi masa har sulusi. Dattijon da ke riƙe da marayun ɗansa a ruga, wannan maganar taka ce, baba.

Masu gida a Kumasi ko Ankara, ku ma ku sani: Gana ta yi dokar gadon wanda bai bar wasiyya ba a 1985, kuma ba ta ware Musulmi ba. A ƙarƙashinta mata da ƴaƴa ne ke da kayan gida da gida ɗaya, sauran a kasa 16, mata 3, ƴaƴa 9, iyaye 2, dangi 2. A zango galibi malamai ke rabawa bisa yardar kowa, amma ranar da ɗaya ya ƙi ya tafi kotu, da waccan dokar za a yi.

Gona kuma, da na ce a da ba a taɓa ta, yau ita ce kan gaba a rigima. Daji ya ƙare a kudancin Maraɗi da Damagaram, gandu ya watse, gona ta zama abin saye da sayarwa, mata sun fara zuwa suna neman kasonsu da hujjar addini, kuma suna samu. Dokar karkara ta Nijar ta 1993 ta kafa kwamitocin filaye da ke ba da takardar shaidar gadon gona. Makiyayi dai ya riƙe cewa burtali da makiyaya ta kowa ba gadon wani ba ne, dokar kiwo ta 2010 ta ƙara tabbatar da haka.

Inna ta sake bugowa bayan shirin. Na gaya mata abin da malamai suka gaya mini: ta samu takardar shaidar rasuwa tukuna, don ba bankin da zai saurare ta a kowane gefe in babu ita, sannan a yi taron dangi a rubuta sunayen magada a kai kotu ta tabbatar. Kafin nan kuma kada ta bari wayar malam ta bar hannunta, ta nemi yaron da ke kora masa shanu, ta aika babban ɗanta gun sarkin dillalai ranar kasuwa da dattijo ɗaya daga dangin miji ɗaya daga nata. Ta ce ƙanen mijin ya riga ya karɓe wayar tun ranar jana'iza, wai zai riƙa amsa gaisuwa. Yaron shanun dai yana nan, kuma ya ce ya san mutum huɗu.

Laraba mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu kawo wani malami da ya daɗe yana zama mashawarci a kotu, ya amsa tambayoyinku a kan rabon bisashe. Mai tambaya ya tanadi adadin magada, maza da mata, kafin ya bugo.